Tazargade, sabara da zogale: amsoshin likita daga Damagaram

Wani magidanci daga Garin Malam ya rubuto: "Likita, an ce ƙwayar zazzaɓin cizon sauro daga ganyen tazargade ake yin ta. Me zai hana in dafa ganyen in sha, in huta da kuɗin farmasi?"

Malam, wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba, zancen ne bai ƙarasa ba. Daga wani irin tazargade na ƙasar Sin aka ciro sinadarin artemisinin a 1972, kuma Tu Youyou, matar da ta jagoranci aikin, ta samu kyautar Nobel a 2015. Amma fa su ma da tafasa suka fara, abin ya ƙi. Sinadarin ba ya narkewa sosai a ruwa, zafi kuma yana karya ƙarfinsa. Ga shi ganyen da aka shanya a rana ya shekara a buhu a kasuwar Dole ba ɗaya yake da ɗanye ba. To, nawa ke cikin kofinka? Ni ban sani ba, mai sayarwa ma haka. Abin da na fi tsoro shi ne jiki ya yi sanyi kwana biyu, ka koma gona, ƙwayoyin cutar da suka tsira su dawo da ƙarfi. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 ba ta goyon bayan shan ganyen a madadin ƙwaya. Ka je a ɗiga jinin yatsa a gwada. In shi ne, Coartem, ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, sau shida ake shan ta cikin kwana 3, kada ka tsaya a na huɗu don ka ji sauƙi.

Wata uwa daga Mirya ta ce ɗanta mai shekara 2 na zawo, kakarsa kuma ta jiƙa masa sabara.

'Yar'uwa, ba banza Iya ta ɗauko sabara ba. Baurin nan da ke kama harshe yana ɗan tsuke hanji, mu ma an ɗura mana. Sai dai abin da ke kashe yaro a zawo ƙarewar ruwan jiki ne, sabara kuwa ba ta mayar da shi. Ki dama ƙunshi ɗaya na ruwan gishiri da sukari a lita 1 ta ruwa mai tsabta, kina ba shi da cokali, da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14. Kada a hana shi abinci. Idan ido ya faɗa, ko kika ga jini a kashin, ko ya ƙi sha, ki goya shi sai gidan likita, ko da dare ne.

Wani dattijo daga Birni yana tambaya ko garin zogale zai maye masa gurbin metformin, ƙwayar ciwon sukari.

Baba, ba zai maye ba. Ka ci kwaɗonka da ƙuli-ƙuli, abinci ne mai kyau, ni ma ba ya wuce ni. Ƙwayarka dai ka ci gaba da sha, in ka zo awon sukari ka gaya mana cokali nawa na garin kake zubawa a kunu.