Zan iya yayyanka tutar Najeriya a aikin zanena?

Tambaya: Malam, ina ajin ƙarshe a sashen zane. Aikin kammala karatuna zane ne marar siffa, launi da layi kawai, a kan zamana Bahaushe ɗan Najeriya. Na sayi tuta zan yayyanka in manna a jikin ƙyallen. Wani ya ce kama ni za a yi, wani kuma ya ce mai zane ba ya laifi. Hankalina a tashe yake, ga lokaci ya ƙure.

Amsa: Kwantar da hankalinka, ɗana, amma ajiye almakashin tukuna.

Kore da fari ba na gwamnati ba ne. Shafa su yadda ka ga dama, babu mai tambayarka. Tutar ita kanta ce magana. Sashe na 24 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa kowane ɗan ƙasa girmama ta, dokar tuta kuma ta ce laifi ne a nuna ta a ɓace ko a yage.

Wannan "mai zane ba ya laifi" ita ce ta ishe ni. Kullum sai ɗalibi ya zo min da ita, ya tsinto a WhatsApp, hujjarsa ɗaya: ai a Amurka ana yi. To a Amurkan ma an sha wuya. A 1970 an kama mai zane Faith Ringgold da abokan aikinta biyu a New York saboda nunin zane a kan tuta. A 1989 Dread Scott, yana ɗalibi kamarka a Chicago, ya shimfiɗa tuta a ƙasa, wanda zai rubuta ra'ayinsa a littafin da ke sama sai ya ga ko ya taka ko ya kauce. Ƙasar ta ɗauki zafi, majalisa ta yi sabuwar doka, sai a 1990 kotun ƙoli ta soke ta. Kotunsu ce, tsarin mulkinsu ne. Ɗan sandan da zai shigo zauren nuninku bai san da wannan hukunci ba, kuma ba ya ɗaure shi. Ka manta telolin da aka kama a Kano a watan Agustan 2024 saboda ɗinka tutar Rasha? Wanda ya zuga ka ba zai zo belinka ba.

Su ma manyan da ake kafa hujja da su ba yanka suka yi ba. Jasper Johns, mai zane ɗan Amurka, zana tasa tutar ya yi da narkakken kaki a kan guntayen jarida. David Hammons a 1990 sabuwa ya fitar: fasalin tutar Amurka, launi ja da baƙi da kore na tutar Marcus Garvey, ɗan fafutukar 'yancin baƙar fata.

Sannan, tsakani da Allah, tuta ba za ta faɗi Hausancinka ba. Ta Chadi da ta Romaniya kusan iri ɗaya ce. Je Ƙofar Mata ka rino ƙyallenka da shuni, ka ɗauko layukan aska takwas na babbar riga, ka sa koren ya ratsa su. Ka nuna wa malamin da ke duba aikinka kafin ka ɗaura a katako.