An tono tsohuwar doka don a kore ni ba ko sisi: ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum, Barista. Shekarata 9 ina kula da sito a wani kamfanin sarrafa robobi a Kano. Tun da dizal da wutar lantarki suka yi tsada abubuwa suka sauya mana. An soke kuɗin abinci, an zaftare alawus ɗin mota, yanzu ko biro za ka karɓa sai mutum uku sun sa hannu a fom. Akwai kuɗin da na kashe daga aljihuna wajen ɗauko kaya, wata 4 ke nan takardar tana yawo ofis-ofis. Duk mun haƙura. To makon jiya sai aka ba mu takardar tuhuma mu 6, dukkanmu tsofaffin ma'aikata, wai mun karya wata doka ta cikin kundin ƙa'idojin kamfani da ta hana ma'aikaci yin sana'a a gefe. Ni kaji nake kiwo a gida, kuma kusan kowa yana da abin da yake taɓawa, har manajoji. Shugaban sashenmu ma a wurina yake sayen ƙwai. An cire mini naira 20,000 daga albashi da sunan tara, sannan aka kira ni aka ce in rubuta takardar ajiye aiki da kaina, in ba haka ba a kore ni ba ko sisi. Ina da iyali. Me doka ta ce?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya kawo mafita. Kafin komai, kada ka rubuta takardar nan, kuma kada ka sa hannu a wadda aka rubuta maka. In sun matsa, ka ce musu cikin ladabi kana son su ba ka buƙatarsu a rubuce ka je ka yi shawara. Wanda ya ajiye aiki da kansa, a takarda shi ya tafi, ba a kore shi ba. Gaskiya ne Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana ɗaukar murabus na dole tamkar kora, amma a lokacin kai ne za ka kawo hujjar cewa tilasta maka aka yi, alhali maganar a bayan ƙofa aka yi ta, ba shaida.

Matsin da kamfanin yake ciki ba ƙarya ba ne. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, darajar naira ta faɗi, aka kuma ninka kuɗin wuta fiye da sau uku ga masu rukunin A, wato waɗanda aka fi bai wa wuta, a Afrilun 2024, masana'antu da yawa suke jan ƙafa. Doka ba ta hana mai kamfani tsuke aljihu ba, ba ta ma hana shi rage ma'aikata ba. Sai dai ta shata masa ƙofar da zai bi. Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya ce in ma'aikata sun yi wa aiki yawa har za a rage su, dole a sanar da ƙungiyarsu ko wakilinsu dalili da yawan waɗanda abin zai shafa. Dole a bi tsarin wanda ya zo ƙarshe shi zai fara tafiya, tare da duba ƙwarewa da iya aiki da riƙon amana. Dole kuma kamfani ya yi iya ƙoƙarinsa a daidaita kan kuɗin sallama. Dokar ba ta yanke adadi ba, wannan sai a takardar ɗaukar aikinka, ko kundin kamfani, ko yarjejeniyar ƙungiya.

Ka lura da abin da wannan yake nufi. In ta wannan ƙofa aka bi, ku tsofaffi ku ne na ƙarshen fita, kuma ku ne masu garatuti mafi tsoka. In kuwa korar laifi ce, sashe na 11 ya yarda a sallami mutum ba notis, kuma yawancin kundayen kamfanoni suna soke garatutin wanda aka kora da babban laifi. Ni dai da na ga mutum 6 ne aka zaɓa, duka masu daɗewa, a daidai lokacin da ake ƙididdige biro, na ce biri ya yi kama da mutum. Rage ma'aikata ake son yi, an lulluɓe shi da rigar ladabtarwa. Wannan shi ne ƙashin bayan ƙararka, in har an kai ga ƙara.

Maganar tsohuwar dokar tana bukatar natsuwa, don nan ne mutane suke yaudarar kansu. Ƙa'ida ba ta mutuwa don ta tsufa. In kundin nan yana cikin sharuɗɗan da ka karɓa lokacin da aka ɗauke ka, to yana hawa kanka ko da shekara goma ba wanda ya buɗe shi. Kuma cewa "ai kowa ma yana yi" kaɗai ba ya wanke mutum a gaban alƙali. Abin da yake taimakonka daban ne. Akwai ƙa'ida daɗaɗɗiya a kotunanmu: ubangidan da ya san ma'aikacinsa ya yi abu, ya kau da kai, ya ci gaba da biyansa albashi, wataƙila har da ƙarin girma, ana ɗauka ya yafe, ba zai dawo bayan shekaru ya kore shi a kan wannan abin ba. Saboda haka sayen ƙwan nan da shugaban sashenku yake yi ya fi duk wata magana da za ka yi nauyi, domin yana nuna kamfani ya sani. In ta banki yake turo maka kuɗi, ka ciro bayanin asusunka. In a WhatsApp yake cewa ka kawo masa kiret biyu, kada ka goge, kada ka sayar da wayar. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda da irin waɗannan saƙonni idan an cika sharuɗɗansa.

Wannan yafiyar tana da iyaka. Kamfani yana da damar ya fito da sanarwa ga kowa da kowa cewa daga yau dokar ta dawo aiki, ya ba da wa'adi, sannan ya hukunta wanda ya saɓa bayan nan. Abin da ba shi da kyau a idon kotu shi ne a wayi gari a hukunta mutum 6 kan abin da aka bari ya zama al'ada, a ƙyale sauran. Ka kuma karanta kalmomin dokar da kyau. Da yawa irinta ba su hana kowace sana'a ba, abin da suka hana shi ne sana'ar da take gogayya da ta kamfani, ko wadda ake yi a lokacin aiki, ko da kayan kamfani, ko ba tare da izini ba. Kaji a bayan gida ba sa gogayya da robobi. Amma in ka taɓa ɗaukar buhun abincin kaji a motar kamfani, ko kana fita rabon ƙwai da tsakar ranar aiki, ka gaya wa lauyanka tun yanzu, kada ya fara jin labarin daga bakin lauyan kamfani.

Game da wariya kuwa, sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulki ya hana nuna bambanci saboda ƙabila, asali, jinsi, addini da ra'ayin siyasa. Daɗewa a aiki ba ta ciki. Inda za ka jingina shi ne sashe na 254C, wanda gyara na uku na 2010 ya shigo da shi, ya bai wa Kotun Ma'aikata ita kaɗai hurumin rikicin aiki, har da abin da ake kira rashin adalci a mu'amalar aiki da kuma kyakkyawan tsarin da duniya ta amince da shi. Ta nan ne kotun ta riƙa duba Yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1982, wadda ta ce ba a korar ma'aikaci sai da ingantaccen dalili kuma sai an ji ta bakinsa, duk da Nijeriya ba ta rattaba mata hannu ba. Dole lauyanka ya rubuta wannan a cikin takardun ƙara tun farko, kotu ba za ta ɗauko maka shi da kanta ba. In kuma cikin ku 6 akwai masu fafutukar ƙungiya, ku faɗa, domin sashe na 9 na Dokar Ƙwadago ya haramta korar mutum saboda harkar ƙungiya.

Tarar naira 20,000 ita ce mafi sauƙin magana. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana cire kuɗi daga albashi da sunan tara. Abin da ya yarda shi ne a cire daidai gwargwado in ma'aikaci ya jawo wa kamfani asara da gangan ko da sakaci, shi ma sai jami'in ƙwadago ya amince a rubuce tukuna. Wace asara kajinka suka jawo musu? Ka nemi su nuna maka amincewar jami'in. Sai dai ka sani sashe na 91 ya taƙaita dokar ga masu aikin ƙarfi da aikin akawu, bai haɗa da manajoji da ƙwararru ba. Mai kula da sito yawanci yana cikin waɗanda ta kare, amma aikin da kake yi a zahiri ake dubawa, ba sunan muƙami kaɗai ba.

Alawus kuma ya danganta da inda aka rubuta shi. In yana cikin takardar ɗaukar aikinka, haƙƙinka ne, ɓangare ɗaya ba ya sauya yarjejeniya shi kaɗai. In kyautatawa ce kawai da ba ta cikin kowace takarda, suna iya janyewa. Haƙurin da kuka yi a nan yana iya juyowa kanku, a ce shirunku yarda ne, don haka ka rubuta cewa ba ka amince da ragin ba. Fom mai hannu uku yana da ban haushi, amma bai saɓa wa doka ba. Kuɗin aljihunka dai bashi ne a kansu, yawon takarda ba ya goge shi. Ka ajiye kwafin rasit, ka tuna musu a rubuce, kuma daga yau kada ka sake kashe ko kwabo sai da izini a takarda.

Takardar tuhumar nan ka amsa ta cikin wa'adin da suka ba ka. Wasu suna fushi su ƙi amsawa, daga baya kamfani ya ce ya ba su dama sun yi watsi da ita. Ka rubuta a taƙaice: tun yaushe kake kiwon, a gida kake yi bayan tashi daga aiki, shugabanni sun sani, ba a taɓa yi maka gargaɗi ba, kuma kana neman kwafin sashen da ake cewa ka karya. Ba zagi, ba ban haƙurin da zai zama amsa laifi, ba kuma lissafo sunayen abokan aikinka masu sana'a ba, wannan lokacinsa yana gaba in an bukata. Ka sa a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Ka haɗa takardar ɗaukar aiki, ta tabbatarwa, ta ƙarin girma, takardun albashi da kundin kansa ka kai gida. Naka kaɗai za ka ɗauka. Kwasar takardun sirrin kamfani zai ba su laifin gaske da suke nema.

Wani abin da nake roƙon ka duba a wannan makon shi ne asusun fanshonka. Kamfanin da ya shiga matsi sau da yawa nan yake fara taɓawa, don ba a gani da wuri. Dokar Fansho ta 2014 ta ce kamfani ya sa kashi 10 cikin 100 na albashinka, a cire maka kashi 8, a tura cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi. In an cire ba a tura ba, ka kai ƙorafi hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, kuma akwai tarar jinkiri a kansu. Kuɗin da ke asusun naka ne, kora ba ta taɓa shi. In aikin ya tafi kuma ba ka kai shekara 50 ba, bayan wata 4 ba ka samu wani ba kana iya cire kashi 25.

Ina za ka dosa? In akwai ƙungiya a kamfaninku, ita ce farko. Bayan ita, ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiha yana kiran ɓangarori ya sasanta, kuma wasiƙar lauya guda a madadin ku 6 ta fi shida daban-daban ƙarfi da rangwame. Kotun Ma'aikata tana da reshe a Kano, tana kuma da cibiyar sulhu. Amma ka shiga da idonka a buɗe. A kamfani mai zaman kansa kotu ba ta cika mayar da mutum bakin aiki ba, diyya take bayarwa. A da diyyar ba ta wuce albashin notis, wanda ga mai shekara 5 zuwa sama wata 1 ne in yarjejeniya ba ta ba shi fiye ba. Yanzu abin ya fara sauyawa: a 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar wa wata ma'aikaciya diyyar albashin shekara 2 a shari'arta da kamfanin Sahara Energy. Ba kowa ke samun haka ba, kuma shari'a tana cin lokaci da kuɗi. Abin da ke gefenka shi ne kamfanin da ya faɗi dalilin kora, a kansa yake ya tabbatar da shi. Garatuti da alawus kuwa kai za ka nuna takardar da ta ba ka su, kwabo da kwabo.

Shawarata a halin da ake ciki: idan ka ga zaman ba zai yiwu ba, ka nemi rabuwa ta mutunci a rubuce. A kira abin da sunansa, rage ma'aikata. A janye tuhumar, a mayar da tarar, a biya kuɗin notis da garatuti da na hutun da ba ka je ba da bashin aljihunka, a cike giɓin fansho, a ba ka takardar shaidar aiki mai tsabta. Duk takardar da ta ce ka karɓi komai ba ka da sauran haƙƙi, kada ka sa mata hannu sai lauya ya karanta ta kuma ka ga kuɗin sun shiga asusunka. Ka kai wa lauyan takardar ɗaukar aikinka da kundin nan cikin makon nan, kafin wa'adin amsa tuhumar ya cika.