Yesu ya ce ba zai je Idin Bukkoki ba, sai kuma ya je?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Yesu ya yi magana biyu a Bisharar Yahaya sura ta 7. A ganina, a'a. Duba abin da 'yan'uwansa suka nema: ya haura Yahudiya ya nuna kansa ga duniya, alhali aya ta 5 ta ce su kansu ba su gaskata da shi ba. Wannan irin tafiyar ce ya ƙi, domin lokacinsa bai yi ba, ga kuma masu neman ransa a can. Idin, wanda Yahudawa ke yi a Urushalima, na kwana 7 ne. Ya tafi a ɓoye, sai tsakiyar idin ya shiga Haikali yana koyarwa. Wasu tsoffin kwafin Bisharar na Helenanci ma, a aya ta 8, cewa suka yi "ba zan je ba tukuna" maimakon "ba zan je ba".