Batir ne ya mutu, ko altaneta ce ba ta caji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Motata kan ƙi tashi da safe, in na murɗa makulli sai dai in ji ƙas-ƙas. Idan aka haɗa mini da batirin wata mota takan tashi, washegari kuma a koma gidan jiya. Shin in sayi sabon batir ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, dakata da sayen batir tukuna, domin in altaneta, wato na'urar da ke yi wa batir caji idan mota na aiki, ce ba ta caji, sabon ma ba zai jima ba zai kwanta.

Fara da kawunan batirin. In sun yi sako-sako ko farin gari ya taru a kansu, cire na ragi (−) da farko, ka wanke su da hodar bakin soda (baking soda) da ruwa, ka mayar ka ɗaure tam.

Sai ka samo mitar awon wuta. Bayan mota ta kwana a kashe, lafiyayyen batir zai nuna volt 12.6. In ka ga 12.2, rabin cajinsa ya tafi. In kuwa an yi masa caji amma yana komawa wajen 10.5, ɗaya daga cikin ɗakunansa shida ya mutu, sai canji. Sa wani ya murɗa makulli kana kallon mita: in ta faɗi ƙasa da 9.6, batirin ya gaji.

Da mota ta tashi, sake aunawa, ka kunna fitilu da fanka. Ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.5. Ƙasa da 13 na nufin caji ba ya shiga: duba bel ɗin da ke juya altaneta ko ya saki, sannan gawayin altaneta da ragileta, wato abin da ke daidaita ƙarfin wutar da take bayarwa. Sama da 15 kuma dafa batir take yi.

Dabarar nan ta cire kan batir mota na aiki don gwada altaneta, ka guje ta. Wutar kan yi tsalle ta ƙona kwamfutar mota.

In duk wannan lafiya lau, to wani abu ne ke shan wuta cikin dare, kamar rediyo, fitilar but ko lalataccen dayod na altaneta. Sa mai gyaran wayarin ya auna wutar da ke fita daga batir bayan an kashe komai. In ya wuce miliamp 50, ya riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har adadin ya sauka, layin wannan fiyus ɗin shi zai bi.