Ku Tambayi Kafinta: Kujerar Sallar Hajiya Ta Yi Tsawo

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Kafinta. Daga Shari'ul Mansur nake rubuto maka, a nan Makka. Mahaifiyarmu ta daɗe tana fama da ciwon gwiwa, yanzu a kujera take salla. Yayanmu ya sayo mata wata ta katako mai hannu a Haraj ɗin Sawarikh, kasuwar gwanjo da ke Jidda. Kujerar ba ta da laifi, sai dai Hajiya gajeruwa ce. In ta zauna ƙafafunta reto suke yi, kafin ta idar da lazimi cinyoyinta sun sage. Mun sa mata matashi a ƙasa, yana zamewa a kan tayil. Ƙanena da ke aikin ƙarfe ya ce zai zo da giranda ya datse ƙafafun cikin minti biyu, maƙwabcinmu kuma ya ce zarton lantarki ya fi. Baba, da me ya kamata a yanke su?
*'Yarka daga Makka*

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka muku da alheri bisa wannan kulawa.

Ki fara gaya wa ƙanenki ya bar girandarsa a wurin aiki. Ƙaramar giranda, wadda ake ce wa saruk a shagunan nan, tana juya faifai kusan sau 11,000 a minti ɗaya. Faifan yankan ƙarfe ba ya yanka katako, gurzarsa yake yi har ya ƙone, sai ki ga hayaƙi ya cika ɗaki, gindin ƙafar ya yi baƙi, yankan kuma ya karkace. In ko aka ɗaura mata faifai mai haƙora, to an shiga haɗari na gaske: haƙori ɗaya ya cije a katako, na'urar ta yi tsalle ta dawo kan hannun mai riƙe da ita. Ina roƙon duk wani matashi da ke karanta wannan shafi, kada ya gwada.

Kafin maganar zarto, a auna Hajiya tukuna. Yawancin kujerun kasuwa tsayin mazauninsu daga ƙasa wajen santimita 45 ne, don an yi su ne su dace da teburin cin abinci mai santimita 75. Ba da tsohuwa mai salla aka yi lissafin ba. Ki zaunar da ita yadda take zama in za ta yi salla, ba takalmi, bayanta ya jingina sosai. Sai ki riƙa jera guntayen tayil ko fallayen katako ƙarƙashin tafin ƙafarta, har diddigenta ya zauna daram, har kuma yatsunki su iya shiga tsakanin cinyarta da bakin kujerar. Wannan matsewar da bakin kujera ke yi wa ƙasan cinya ita ke hana jini gudu, ita ce sagewar da kika ambata. Ki auna tsayin abin da kika jera.

Amma kada a yanke duka. Mai ciwon gwiwa, zama ba ya ba shi wahala kamar tashi, kuma duk yadda kujera ta yi ƙasa haka tashi ke ƙara nauyi. In awonki ya nuna santimita 7, a fara cire 5, a bar Hajiya ta yi kwana biyu tana salla a kai, ki lura da yadda take miƙewa. In da sauran reto, a ƙara. Ragewa kullum tana yiwuwa, mayarwa ce ba ta yiwuwa.

Daga nan a kifa kujerar a duba gindinta. Kujerun Haraj sun shiga hannaye da yawa, kuma sau da yawa akan tarar da 'yar roba a tafin kowace ƙafa wadda aka kafe da ƙusa. A cire ta da filaya, a tabbata ƙusar ta fito gaba ɗaya, don guntuwar ƙusa a cikin katako tana kashe haƙoran sabon zarto nan take. A duba sandunan da ke haɗa ƙafafun ta ƙasa. In yankan zai zo dab da ramin da sandar ta shiga, ƙafar za ta tsage wata rana, don haka a bar tazarar yatsu uku ko fiye. A girgiza ta kuma. In haɗinta ya saki, a sa gam a ɗaure ta kwana ta bushe kafin a ja layi, don kujerar da ke rawa ba ta ba da awo na gaskiya. In kuwa irin kujerun Dumyat ɗin nan ce ta Masar, masu lanƙwasassun ƙafafu da sassaƙa a gindi, ni ba na sa musu zarto. Gara a yi wa Hajiya ɗan faffaɗan matakin katako, a manna masa roba a ƙasa don kada ya zame.

Yanzu ga inda aikin yake, kuma a nan nake so ƙanenki ya nutsu. Mutane sukan ɗauki tef su auna santimita 5 daga gindin kowace ƙafa, su ja layi, su yanke. Haka ake samun kujera mai ɗingishi. Dalili kuwa, ƙafafun baya ba a miƙe suke ba, sun baje baya. Santimita 5 a jikin karkatacciyar ƙafa bai kai santimita 5 daga ƙasa ba, kuma in aka yanke ta kai tsaye, a kan baki ɗaya za ta tsaya maimakon tafinta ya kwanta. Daɓen ɗaki shi zai ba ku layin.

A sami wurin da ya fi ko'ina daidaita, tayil mai faɗi ko saman tebur mai ƙarfi, ban da kafet. A ajiye kujerar a kai. In tana ɗingishi tun asali, a cusa guntun kwali ƙarƙashin gajeruwar ƙafar har ta tsaya cak. Sai a nemo guntun katako, a kwantar da fensir mai tsini a kansa, a naɗe su tare da salatef, yadda bakin fensirin zai kasance daidai santimita 5 daga ƙasa. Wani ya danne kujerar da hannu kada ta motsa. Shi kuma mai aikin ya riƙa jan katakon a kan tayil yana zagaya kowace ƙafa, fensirin na zana layi a dukkan ɓangarorinta huɗu. In kika sunkuya kika duba, za ki ga layin ƙafafun gaba ya tafi a miƙe, na baya kuma ya ɗan karkace a jikin katakon. Hakan shi ne daidai, kada a gyara shi. Wannan dabara tana kuma kiyaye 'yar kwantawar da mazaunin kujera ke yi ta baya, wadda ke hana mutum zamewa gaba, kuma mai salla da ke sunkuyawa don ruku'u da sujada yana bukatarta ƙwarai. In katakon baƙi ne fensir ba ya fita, a fara naɗe wurin da salatef na takarda irin na masu fenti, a yi zanen a kansa.

Bayan fensir, a bi layin da wuƙa mai kaifi, a ɗan tsaga fatar katakon a zagaye. Wannan ke hana fenti da bakin katako ɓarewa in zarto ya kusa fita.

To, zarton. Abin da nake ɗauka ni kaina shi ne zarton hannu mai ƙananan haƙora, 12 zuwa 15 a inci ɗaya, irin mai ƙarfe a gadon bayansa da ke hana shi lanƙwasa. In wanda zai yi aikin bai saba ba, zarton Japan ya fi masa sauƙi. Shi yana ci ne lokacin da aka jawo shi, saɓanin namu da ke ci in an tura, don haka bakinsa siriri ne kuma ba ya tanƙwarewa a hannun baƙo. A duba shagon SACO ko sauran manyan shagunan kayan aiki. Babban zarton masu gini mai haƙora 7 ko 8 a inci yana da sauri, amma yagar katako yake yi. In babu komai a gidan sai zarton ƙarfe, shi ma zai yi, a sa masa sabon baki mai haƙora 18, a ɗaure shi tamau, a yi haƙuri da jinkirinsa. Kujeru da yawa a ƙasar nan da katakon da ake ce wa "zan" ake yinsu, mai tauri ne, ba ya son gaggawa.

Shawarar maƙwabcinku ba ta kai ta giranda haɗari ba, amma ita ma ban goyi bayanta ba. Zarton lantarki mai siririn baki da ke hawa da sauka, ta sama kawai aka riƙe bakin, in ya shiga katako mai kauri sai ƙasansa ya kauce, ki ga sama a kan layi, ƙasa ya ci gefe. Mai faifai kuma yana son shimfiɗaɗɗen wuri da zai hau, ƙafar kujera ba ta da wannan faɗin. Yanka huɗu ne kacal a katakon da bai wuce kaurin yatsu biyu ko uku ba. Kafin a gama neman wayar wuta, zarton hannu ya gama ƙafa ɗaya.

A kwantar da kujerar a kan tebur, a shimfiɗa tsohon bargo don kada ta ƙuje, a sa katako ƙarƙashin ƙafar da za a yanka, wani ya riƙe ta gam. Zarton ya bi ta gefen layin da za a yar, yadda in an gama za a ga inuwar fensirin a jikin kujerar. Kada a fara daga ɓangare ɗaya a ratsa har ƙarshe. A ɗan shiga milimita 2 ko 3 ta kowane ɓangare a zagaye, sannan a ƙarasa, zarton zai bi hanyar da aka share masa. Kada a danna shi, nauyinsa ya isa. In an kusa fita a tallafe guntun da hannu kada ya karye ya tafi da ɓangaren ƙafar.

In an tayar da ita aka ga tana ɗan rawa, a nan ne mutane ke ɓata aiki, a taɓa wannan a taɓa waccan, garin neman gira a rasa ido. Ki duba da kyau: ƙafafu biyu da ke kallon juna ta kusurwa ba sa barin ƙasa, sauran biyun ne ke hawa da sauka. Waɗanda ba sa ɗagawa su ne dogaye. A manna samfefa mai kaushi a kan tayil, a goga tafinsu a kai kaɗan kaɗan ana gwadawa. Zarto ba ya komawa wurin.

Saura abu biyu ƙanana. A kashe kaifin bakin da aka yanka da samfefa ko magagari, don kada ya tsage in an ja kujerar, kada kuma ya ci darduma. Sannan a shafa wa tafin fenti ko gam ya bushe, a mayar da 'yar roba sabuwa. Matan gidajenmu da ruwa suke wanke tayil, kuma katako ta wurin da aka yanke shi yake shan ruwa ya kumbura. A tuna roba tana ƙara tsayi kaɗan, a sa kaurinta cikin lissafi tun wajen ɗaura fensir. Ki gaishe mini da Hajiya, ta sa mu a addu'a.

Tambaya: Baba, ni tela ne a Jidda. Ina da kujeru biyu a shago, duk sun yi wa teburin keken ɗinkina tsawo. Ɗaya mai ƙafafun bututun ƙarfe ce, ɗaya irin ta ofis mai taya wadda ta ƙi sauka yadda nake so. Zan iya yanke su?
*Ɗanka tela*

Amsa: Ɗana, ta bututun ƙarfe tana yankuwa. Ka zare robobin gindinta, ka ja layi da dabarar guntun katakon da na faɗa wa 'yar'uwarka a sama, da alƙalami mai tawada maimakon fensir. Zarton ƙarfe za ka sa, mai haƙora 24 ko 32 a inci, don bangon bututun siriri ne, manyan haƙora sarƙewa suke yi a ciki. In ƙafafun a miƙe suke kuma zagayayyu, mayankin bututu na masu aikin famfo ya fi komai tsabta. Ka goge bakin da magagari ciki da waje, ka shafa fenti kafin ka mayar da robar, don iskar tekun Jidda ba ta barin ƙarfe tsirara, tsatsa za ta kama shi ba da jimawa ba. Kada ka zauna a kai ba robar, bakin bututu yana yanka leda da kafet, yana kuma karce tayil.

Ta ofis ɗin kuwa kada ka kusance ta da zarto, giranda ko abin huji. Sandar tsakiyar nan cike take da iskar gas da aka matse da ƙarfi, huda ta na iya raunata mutum. Ana sayar da ita daban, da doguwa da gajeruwa. Ka cire ta ka tafi da ita shagon kayan ofis, a ba ka gajeruwa mai kauri irin nata. In kuma kana da kujerar roba kana tunanin rage ta, ka bar ta yadda take, ƙarfinta yana cikin ƙirar ƙafafun ne, da an datse su sai su baje da mutum a kai.