Ku Tambayi Malamin Dabbobi: Haihuwar Shanu a Bazara

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan haihuwa suke, kuma ban yi mamaki ba. Saniya takan ɗauki ciki da damina, lokacin da ta ƙoshi da ɗanyar ciyawa. Cikin nata wata tara ne da kwana kamar goma, to wadda bijimi ya hau a Yuli ka ga sai Afrilu za ta sauke, tsakiyar bazara ke nan, ga zafi ga ƙarancin abinci. Na zaɓi huɗu daga ciki.

Tambaya: Malam, ni malamin makaranta ne a Malumfashi, ina da Bunaji uku a bayan gida. Karsanata cikin fari gare ta, hantsarta ta cika. Yaya zan gane lokaci ya yi, kuma yaushe zan sa hannu?

Amsa: Malam, cikar hantsa ba ta isa shaida ba, karsana takan yi makonni a haka. Ka riƙa duba gindin wutsiya safe da yamma. Ranar da ka ga gefensa biyu sun lotsa, wutsiyar ta yi laushi, yauƙi yana zuba ta baya, to kada ka yi nisa da gida. Za ta rage cin abinci, ta kwanta ta tashi, tana waiwayen cikinta. Kafin nan ka kwashe kashin da ke wurin, ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa, ka sassauta mata igiya. Saniyar da aka ɗaure gam a turke ba ta samun yadda za ta juya ta lashi ɗanta. Ka tanadi bokitin ruwa, sabulu, igiya mai laushi, aidin da tocila, domin ba ta shawara da kai kan lokacin da za ta haihu.

Idan faya ta fashe, abin da kake son gani shi ne kofato biyu, tafinsu yana kallon ƙasa, sannan hanci ya biyo a kansu. In ka ga haka, nemi kujera ka zauna. Tsohuwar saniya sau da yawa ba ta kai awa ɗaya, karsana kuwa tana iya cin awa biyu, kuma muddin kowane yunƙuri yana ƙara fito da maraƙin ko da kaɗan ne, ba ta buƙatar kowa.

Inda za ka tashi tsaye shi ne ta yi kamar awa ɗaya tana nishi babu abin da ya ƙaru, ko ƙafa ɗaya kawai ta fito, ko kai ba ƙafafu. Nan ja ba ya magani, sai an mayar da maraƙin ciki an gyara masa kwanciya, kuma aikin wanda ya saba ne. Idan tafin kofaton sama yake kallo, galibi ƙafafun baya ne. Wannan ba ya son ɓata lokaci, don da zarar ƙugu ya fito cibiya ta matse alhali kan yana ciki.

Wata shekara an kira ni wani ƙauye da asuba. Na tarar an ɗaura igiya a ƙafar maraƙi, ɗaya bakin kuma a bayan babur. Ɗaya ƙafar a naɗe take a ciki, abin da hannu zai gyara cikin minti goma. Maraƙin ya mutu, uwar ba ta sake tsayawa da ƙafafunta ba, kwana uku aka kira mahauci. Mai ita ba mugu ba ne, tsoro ne ya sa shi gaggawa. Tun daga ranar nake gaya wa kowa: abin da ƙarfin mutum biyu bai fitar ba, ƙarfin mutum biyar ɓarna zai yi. Ku ja lokacin da take yunƙuri, ku huta in ta huta, ku karkatar da jan zuwa ƙasa wajen ƙafafunta.

Tambaya: Daga Maraɗi nake. Surukata ta ce dakashi yana sa maraƙi zawo, don haka mukan tatse shi mu zubar har kwana biyu. Bara mun rasa maruƙa biyu kafin su yi wata. Me ke jawo haka?

Amsa: Hajiya, ki gaishe min da Inna, ki kuma lallaɓa ta, domin a nan ban goyi bayanta ba. Na san abin da ta gani. Maraƙin da ya sha dakashi yakan yi kashi rawaya mai danƙo a kwanakin farko, sai a ɗauka ciwo ne. Ba ciwo ba ne, haka yake.

Jaririn mutum yana samun garkuwar jiki daga uwarsa tun yana ciki. Maraƙi ba haka ba ne, mahaifar saniya ba ta barin garkuwar ta ratsa. Yana faɗowa duniya ba shi da abin kare kansa, kuma duk abin da zai yaƙi cuta da shi a makonnin farko yana cikin wannan nono mai kauri da kuke zubarwa. Sannan hanjinsa ba ya jira. A awannin farko yana tsotse garkuwar sosai, bayan awa shida ƙarfin ya fara raguwa, in aka yi awa 24 kusan ƙofar ta rufe. Wanda aka ba shi a rana ta uku abinci ne kawai. Shi ya sa maruƙanku suka yi kamar lafiya lau, sai zawo ko ciwon cibiya ko na huhu ya ɗauke su daga baya.

Maraƙin shanunmu na gida yakan zo da kilo 20 zuwa 25, kuma ana so ya sha kamar kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa, wato lita biyu ko fiye kaɗan, tun a awannin farko. In ya yi awa biyu bai kama nono ba, a tallafe shi a kai bakinsa, a ɗan matsa masa a harshe. In ya gaza, a tatsa a kwalba mai tsabta a ba shi a hankali yana haɗiya da kansa. Kada a ɗaga kansa sama a ɗura, huhu zai tafi.

Tunda muna kan ranar farko: da ya faɗo a share masa hanci da baki, a kwantar da shi a kan ƙirjinsa, in numfashi ya yi nauyi a sa masa tsinken ciyawa a hanci ya yi atishawa. A daina rataye shi kai ƙasa, kayan ciki ne ke danne masa huhu. A tsoma cibiyar cikin aidin har gindinta, ban da toka, ban da kashin shanu. Karsanar da ta ƙi ɗanta kuwa, a barbaɗa masa dusa da ɗan gishiri a gadon baya. Kwaɗayi zai sa ta lasa, in ta lasa ta karɓa.

Tambaya: Saniyata ta haihu jiya da safe, har yanzu mabiyiya tana reto. Maƙwabcina ya ce in ɗaura mata dutse. Daga Dukku.

Amsa: Kada ka ɗaura, ɗan'uwa, kada kuma ka ja. Mabiyiyar saniya a maƙale take a wurare da yawa kamar maɓallan riga, in aka fizge sai mahaifa ta ji rauni, guntaye su rage a ciki su ruɓe. Yawanci takan faɗo cikin awa 12. Taka ta wuce haka, don haka ka yanke abin da ke jan ƙasa da wuƙa mai tsabta, ka bar sauran, ka sa ido. In tana ci tana tuƙa, sau da yawa takan faɗo da kanta cikin mako. In ta daina ci, jiki ya yi zafi, nono ya ragu, a nemo malamin dabbobi a ranar.

Amma ina da tambaya gare ka. Cikin ya cika wata tara? Akwai wadda ta yi ɓari a garken, ko mai kumburi a gwiwa? In akwai, ina zargin bakkale, ciwon da ke sa shanu ɓari, kuma yana kama mutum, ya zo da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi, a yi ta shan maganin maleriya a banza. Ka sa safar hannu ko leda kafin ka taɓa, ka binne mabiyiyar da zurfi inda kare ba zai tone ba, a tafasa nono kafin a sha, a ɗebi jinin shanun a gwada.

Tambaya: Gudalita ta rame sosai bayan haihuwa, karan dawa kawai nake da shi. Daga Illela.

Amsa: Kara yana cika ciki, ba ya kawo nono. Ka haɗa mata da harawar wake ko ta gyaɗa, da dusa da ɗan angurya safe da yamma, ka fara kaɗan kana ƙarawa don kada cikinta ya ɓaci. Gishirin lasa ya zauna a gabanta. Ruwa kuwa, mai shayarwa a wannan zafi tana iya shanye jarka biyu a yini, a ba ta har sai ta ɗaga kai da kanta. Ku rage tatsa a watan farko, in ba haka ba maraƙin ne zai biya kuɗin ƙwaryar da aka kai kasuwa. In ya kai mako biyu a ba shi maganin tsutsar ciki, domin akwai wadda ke bin nonon uwa ta shige shi.