Amsa ga mai shirin zuwa karatu Ostireliya: yara da sankarar fata

Ƙanwata, kin tambaya ko gaskiya ne sankarar fata tana ƙaruwa a tsakanin yara da matasa a Ostireliya, ganin cewa da 'ya'yanki za ki taho. Gaskiya ne ƙasar nan da Niyuzilan ne kan gaba a duniya wajen yawan melanoma, nau'in da ya fi kisa, amma a tsakanin matasa adadin raguwa yake yi tun wajajen ƙarshen shekarun 1990, yayin da yake ci gaba da hawa a tsakanin tsofaffin da suka sha rana da ƙuruciyarsu. A Amurka ma an ga irin wannan raguwa tsakanin 2006 da 2015. Ƙananan yara kuwa da ma ba kasafai cutar take kama su ba.

Tun 1981 aka fara gangamin sa riga, shafa man kariya daga rana da ɗora malafa, kuma abin ya zauna daram a makarantun firamare: yaron da ya je babu malafa mai faɗin baki, a inuwa zai zauna har a gama wasa. Da zarar ma'aunin hasken UV, wato hasken rana mai ƙona fata, ya kai 3 ake fara kariya, ko da akwai hadari a sama. Daga 2015 kuma jihohi suka haramta shagunan da ake kwanciya ƙarƙashin fitilu don fata ta yi duhu. Wasu masu bincike dai suna ganin yawaitar baƙi masu duhun fata ya taimaka wajen sauko da alƙaluman, wato mu ma muna cikin lissafin.

Baƙar fata tana ba da kariya mai yawa, sai dai idan melanoma ta kama mu, ta fi fitowa a tafin ƙafa, tafin hannu ko ƙarƙashin farce, inda ba a cika dubawa ba, shi ya sa ake gano ta a makare. Duk tawadar Allah da ta canza girma ko launi, ko ta fara zubar da jini, a kai yaron wurin likita. Idan akwai zabiya cikin yaranki, kariyarsa ta zama dole kullum.

A ganina, abin da ya fi kusa da 'ya'yanki shi ne ƙarancin bitamin D, wanda fata ke samarwa daga hasken rana, musamman a lokacin sanyi a Melbon ko Tasmaniya da ke kudancin ƙasar. Ki nemi likita ya duba hakan bayan kun iso.